Haƙorin ƙurya ba ya jiran kaka ta wuce

'Yan'uwa matasa, yawancinmu muna tsakanin shekara 17 zuwa 25, kuma a daidai wannan lokaci ne haƙoran ƙarshe guda huɗu suke ɓullowa can ƙuryar baki, su cika 32. Idan muƙamuƙi bai da wuri, haƙorin yakan fito rabi, ko ya fito a karkace. Dasashi ya rufe sashensa kamar murfi, tuwo ya maƙale a ƙarƙashi inda asuwaki ba ya kaiwa, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Daga nan sai kumburi da zogi har cikin kunne.

Mun san abin da muke yi a nan Dawanau. Da kaka, manyan motoci na jiran lodi a kasuwar hatsi, wa zai bar aikin yini saboda haƙori? Sai mu leƙa kemis, mu sayi ƙwaya biyu da kafso, mu koma ɗaukar buhu. Wannan lissafi bai fita ba. Ƙwayar tana rufe bakin ciwon ne kawai, murfin naman yana nan, bayan 'yan makonni ya sake tashi.

Akwai abin da ya dace a yi a gida. A zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, a riƙa kurkure baki bayan kowane cin abinci. Kanumfari yana ɗan kashe zafi. Paracetamol ma haka, bisa ƙa'ida. Ibuprofen yana rage kumburi, amma mai gyambon ciki da mai juna biyu su bar shi. Kada a danna asfirin a kan dasashi, ƙona naman yake yi. Ruwan batir da fetur kuwa, waɗanda har yanzu ake ba da shawararsu a majalisa, guba ne. Tramadol ya fi ba mu tsoro: ciwon kwana uku zai iya zama ƙofar shaye-shayen shekaru.

Idan baki ya ƙi buɗuwa, ko zazzaɓi ya shigo, ko kumburin ya gangaro ƙarƙashin haɓa har haɗiyar miyau ta yi wuya, ba a kwana. Irin wannan kumburi yana iya toshe hanyar numfashi. Mu yi addu'a, amma mu yi ta a cikin mota. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala duk suna da sashen haƙori, kuma daga Dawanau titin Katsina ne ya miƙe zuwa cikin gari.

Ba kowane haƙori ake cirewa ba. Wani wanke ƙarƙashin naman ya ishe shi, wani sai an ɗauki hoto an ga yadda ya kwanta. Wanda kuɗin mota ya hana shi tafiya, ya faɗa wa shugabannin zumunta ranar Lahadi, a haɗa masa, a samu mai raka shi ranar Litinin da sassafe.