Shinkafar Ƙaraye da Rogo: Ba yawan ruwa da taki ke cika buhu ba

A ƙarshen ranin da ya wuce na kai ziyara gonar wani ɗan'uwana a gefen madatsar ruwa ta Challawa da ke ƙasar Ƙaraye. Na tarar da injin ban-ruwa yana ta ruri tun asuba, ruwa ya cika fangali yana malala, shi kuwa yana watsa takin yuriya a cikinsa. Da na yi magana sai ya ce, "Yaya, ai shinkafa 'yar ruwa ce." Bayan girbi ya yi lissafi, da ƙyar ya mai da kuɗinsa. Wannan hali ba nasa ne shi kaɗai ba, haka abin yake a fadamu da dama daga Ƙaraye har Rogo.

Alal haƙiƙa, a da ana iya yin irin wannan ɓarna a kwashe lafiya. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowace sa'a da inji ya yi yana aiki kuɗi ne ke ƙonewa. Taki ya yi tashin gwauron zabo, duk da cewa masana'antar Dangote da aka ƙaddamar a Legas a 2022 tana iya samar da tan miliyan 3 na yuriya a shekara. Bugu da ƙari, bayan gwamnatin tarayya ta sassauta harajin shigo da abinci a 2024, farashin shanshera ya faɗi. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Mai karatu, shinkafa tana jure zama cikin ruwa, amma ba kullum take buƙatarsa ba. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke ƙasar Filifin ta daɗe da nuna cewa za a iya barin fangali ya tsane kafin a sake ba shi ruwa. Bututun roba mai huje-huje ake kafawa a gona, ba za a tayar da inji ba sai ruwan cikinsa ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa. Ta haka ana rage ruwa har kusan kashi 30 cikin 100 ba tare da amfanin gona ya ragu ba. Sharaɗin shi ne kada a bar ta da ƙishi daga lokacin da ta ɗauki ciki zuwa fitar da kai, domin ƙishin wannan lokaci shi ke haifar da ƙaiƙayi a maimakon tsaba.

Haka batun taki. Yuriyar da aka watsa a kan ruwa mai gudu, abin da shuka ke samu a cikinta bai cika wuce kashi ɗaya bisa uku ba. Saura ya bi iska ko ya bi ruwa. Kamfa tun wajen dashe ake sa shi, ita kuwa yuriya a raba ta biyu: lokacin da shinkafa ke 'ya'ya, da kuma dab da ɗaukar ciki, bayan an cire ciyawa an kuma toshe mafitar ruwa. Manoman Bangaladash sun ƙara da cusa dunƙulen yuriya cikin taɓo tsakanin shuka huɗu, suna rage taki suna ƙara amfani.

Tambayata a nan ita ce, wa zai kai wa manomi wannan sani? An kammala madatsar Challawa tun 1992, amma har yau manomin da ke bakinta bai cika ganin malamin gona ba. Gwamnatoci sun fi son rabon taki a gaban 'yan jarida, domin shi ake ɗauka a hoto. Ni a ganina, da KNARDA da Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are za su buɗe gonakin gwaji a kowace mazaɓa ta waɗannan ƙananan hukumomi biyu, su ɗauki matasan da suka karanta aikin gona su kula da su, da an ga canji cikin kaka biyu, domin gani ya kori ji.

Mu ma 'yan boko da ke aika wa 'yan'uwa kuɗin taki duk shekara muna da namu alhakin. Kafin mu tura na bana, mu tambaya yaushe za a sa shi, kuma ina ruwan zai tsaya. Allah Ya sa mu dace.