Mu tambayi isnadin saƙo kafin mu taɓa shi

 

A darasin hadisi, kafin Malam ya shiga matani sai ya tsaya a kan isnadi: wa ya ruwaito, daga wa ya ji, amintacce ne? A ganina wannan tarbiyya ta kamaci wayoyinmu ma, don na ga abin da rashinta ke jawowa.

Kawuna yana sayar da kayan gyaran waya a kasuwar Maraɗi, yakan yi odarsu ta intanet. Ran nan imel ya shigo masa da Faransanci, da tambarin kantin da yake sayayya, wai an tsare kayansa, ya biya jika 2 cikin awa 24 ko a mayar da su. Ni na karanta masa, ni kuma na ce ya biya. Muka latsa mahaɗin, muka rubuta lambar katinsa, har da lambar sirrin da banki ya turo ta saƙon waya. Kafin la'asar an kwashe abin da ke cikin asusun. Wallahi har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Da muka duba daga baya, ashe adireshin mai aikowa ba na kantin ba ne, an sa sifili a gurbin harafin "o". Tambari kuwa kowa na iya kwafarsa. Da sunayen manyan kantuna irin su Amazon da AliExpress ɓarayin nan suke fakewa, kuma makaminsu gaggawa ce, don kada ka samu zarafin tunani.

To me ya kamata? Duba adireshin harafi-harafi. Kada ka latsa mahaɗin da ke cikin saƙon. Buɗe manhajar kantin da kanka, in da matsala a odarka za ka gan ta can. Lambar da banki ya turo maka kuwa makullin kuɗinka ce, karanta abin da aka ce za a cire kafin ka rubuta ta ko'ina, kuma kada ka faɗa wa kowa. In an riga an faɗa, a kira banki nan take a rufe katin, a canza kalmar sirri, a kai ƙara wurin ƴan sanda. Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet tun 2019.

Wani zai ce ai ƙaddara ce. Gaskiya ne, amma aya ta 6 a Suratul Hujurati ta umarce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi. Mu ne iyaye ke miƙa wa waya su ce "karanta mini", wannan kuwa amana ce. Wanda aka cuta kuma kada ya ɓoye, shirunsa ne ke ba ɓarawo damar cutar maƙwabcinsa.

Allah Ya tsare mana dukiyar iyayenmu, amin.