Kama Da Wane Ba Ta Wane

Wai shin sai yaushe marubutanmu za su yarda cewa kunne ba ya yi wa alƙalami alƙalanci? Abin da ya sa na yi wannan tambaya shi ne wata cuta da ta daɗe tana cin littattafanmu na ƙagaggun labarai, tun daga waɗanda ake bugawa a kai kasuwa har zuwa waɗanda ake turawa ta waya shafi-shafi. Cutar kuwa ita ce cusa Turanci a bakin taurarin labari, alhali marubucin bai tsaya ya bambance kalmar da yake nufi da wata mai kama da ita a furuci ba.

Tun da farko, ni ba na cikin masu cewa haramun ne a ga Turanci a littafin Hausa. In tauraronka likita ne ko lauya, ko kuwa tauraruwar 'yar jami'a ce, kowa ya san da Ingausa suke magana, kuma marubuci yana da damar ya nuna su yadda suke. Amma fa wanda ya aro riga, wajibi ne ya san gabanta da bayanta kafin ya shiga taro da ita.

Duba yadda abin yake faruwa. Saurayi ya durƙusa gaban budurwa, hawaye shaɓe-shaɓe, marubuci yana son ya ce ba ya son ya rasa ta. Maimakon ya rubuta "lose", wato rasawa, sai ya rubuta "loose", wato kwancewa ko sako-sako. Ka ga ke nan saurayin ya ce ba ya son ya kwance ta, sai ka ce akuya ce a turke. Wani kuma zai kira mamaci "diseased", mai fama da cuta, alhali "deceased" yake nufi, wato marigayi. A wajen ta'aziyyar ma sai a yi masa fatan "piece", wato gutsure, a madadin "peace", salama. Na ga inda aka ce sojoji sun yi "seize" ɗin wuta, ana nufin "cease". Na farko ƙwacewa, na biyu dainawa. Tsakanin tsagaita wuta da ƙwace wuta ai akwai tafiyar kwana da kwanaki.

Da zarar ka yi magana sai a ce maka, "Haba Malam, ai an gane, kuma Turancin nan ba harshen iyayenmu ba ne." To madalla. Ina marubucin da zai yarda a buga masa littafi a ce amarya ta kawo wa ango romon kashi, don kawai mai buga rubutun ya manta lanƙwasar da ke kan ƙ? Ai ranar sai maɗaba'a ta yi baƙi. Kowa ya san ƙashi ake nufi, an gane sarai, amma ba mai yafewa. Mu da muka san abin da 'yar lanƙwasa ɗaya take yi tsakanin kafa da ƙafa, da baki da baƙi, da bari da ɓari, mu ne bai kamata a ji "ai an gane" a bakinmu ba. In ka ce harshen ba naka ba ne, to wa ya aike ka? Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Sai dai a yi adalci, wani ɓangare na laifin na Turancin ne kansa. Harshe ne da rubutunsa ya tsaya wuri ɗaya, furucinsa ya yi gaba. A zamanin mawaƙinsu Chaucer, wanda ya rasu a 1400, "meat" nama da "meet" haɗuwa ba furuci ɗaya gare su ba, kuma harafin k da ke farkon "knight", jarumin doki, furta shi ake yi, don haka ba mai rikita shi da "night", dare. A 1476 William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila, daga nan rubutu ya fara daskarewa, su kuwa wasulan suka ci gaba da sauyawa a bakin mutane har ƙarni biyu ko fiye. Sakamakon haka shi ne tarin kalmomin da Baturen Landan ma ba ya jin bambancinsu a kunne, sai ya gan su a takarda: "write" da "right" da "rite", ko "pray" addu'a da "prey" abin farauta, ko "soul" rai da "sole" tafin ƙafa. Shi ma sai da aka zaunar da shi a aji ya koya. Ashe in shi mai harshen bai dogara da kunnensa ba, mu me ya kai mu?

Akwai kuma waɗanda asalinsu uwa ɗaya uba ɗaya ne, daga baya aka raba musu gado. "Flower" fure da "flour" garin alkama kalma ɗaya ce a da, don ana ɗaukar lallausan gari a matsayin furen hatsi, wato mafi kyawunsa. Ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ma bai raba su ba. Abin dariya, da muka aro su sai muka sake haɗe su: fulawar da ake yin burodi da ita da fulawar da ake shukawa a ƙofar gida, duk rubutu ɗaya muke yi musu. Haka "stationary", abin da yake tsaye cik, da "stationery", kayan rubutu, waɗanda masu allunan shaguna suka ƙi bambancewa har yau. Tushensu ɗaya ne, kuma ta biyu ta samo asali ne daga mai sayar da littattafai na zamanin da, wanda yake da rumfa tsayayya, ba kamar ɗan koli mai yawo ba. Kalmar farko ta dace da tsayuwar rumfarsa, kayan da yake sayarwa suka ba da ta biyu. Wanda ya san wannan ɗan tarihi da wuya ya sake rikita su, kuma a ganina marubuci ya fi kowa cancantar ya sani, tunda labarin kakannin sana'arsa ne.

Ɗaya ɓangaren kuma daga bakinmu yake. Hausa tana da wasula 5, kowanne da gajere da dogo, sai tagwaye biyu, ai da au. Turancin Ingila kuwa yana da sautin wasali kusan 20, ya cusa su cikin haruffa 5 ɗin nan. Don haka "heart" zuciya, da "hurt" rauni, da "hat" hula, da "hut" bukka, duk kusan abu ɗaya suke fita a bakin Bahaushe. Shi ya sa za ka ga masoyi ya kira masoyiyarsa hularsa mai zaƙi. Ba mu raba p da f ba, sai "pull" ja ya koma "full" cikakke. Ba mu da v, sai "vote" ƙuri'a ta zama "boat" jirgin ruwa. Sautin th kuma mukan mayar da shi s, sai mai tunani, "think", ya nitse, "sink". Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne "faith" da "fate", imani da ƙaddara, don wannan ya wuce wasa, ya taɓa aƙida.

A nan ne nake rabuwa da 'yan bokon nan masu yi wa Bahaushe dariya in ya furta "people" da f. Wannan ba abin kunya ba ne ko kaɗan. Kowace al'umma da irin yadda harshenta yake lanƙwasa baƙon sauti, kuma Baturen da ya shekara ashirin a Kano har ya koma gida bai iya raba ƙ da k ba, ba wanda ya ce masa jahili. Harshe tsoka ne, abin da ya saba da shi tun yarinta shi zai yi. Rubutu fa? Mai magana ba shi da lokacin buɗe ƙamus a tsakiyar zance, amma marubuci yana da dare da rana, yana da wata da watanni kafin ya kai aikinsa maɗaba'a. Uzurin da za a yi wa baki ba za a yi wa hannu ba.

Kada kuma wani ya ce kwamfuta ko waya za ta gyara masa. Na'urar tana ja wa kalma jan layi ne in babu ita a ƙamus ɗinta. "Loose" kalma ce, "piece" kalma ce, "diseased" kalma ce, saboda haka sau da yawa sai ta bar su su wuce salin-alin. Wani lokaci ma ita ce za ta sauya maka daidai ta mayar da shi kuskure.

Abin da ya sa na damu har na ɗauki alƙalami, ni malamin sakandare ne, kuma na san abin da ɗalibaina, musamman 'yan mata, suke karantawa a ɓoye a ƙarƙashin tebur. Ba littafin nahawu ba ne, littattafanku ne. Yarinya ta yarda da abin da ta gani a bugaggen littafi fiye da abin da na rubuta mata a allo, don a wurinta duk abin da aka buga gaskiya ne. Sai in kwashe zango guda ina raba mata "principal", shugaban makaranta, da "principle", ƙa'ida, ina raba "advice" da "advise", marubuci ɗaya ya rushe min aikin a dare ɗaya. Ranar jarrabawar WAEC kuwa, mai duba takarda bai san wani "ai an gane" ba, jan biro kawai zai sa. Yarinyar ce za ta faɗi, marubucin yana can yana shirin fitar da littafi na biyu.

Kuma ba a ce kayan aiki ne babu ba. Tun 1965 Neil Skinner ya fitar da Kamus na Turanci da Hausa, a 1990 Roxana Ma Newman ta fitar da nata wanda ya fi shi girma, ga kuma ƙamus ɗin Oxford na masu koyo da A. S. Hornby ya fara fitarwa a 1948, wanda yanzu kyauta ake duba shi a intanet. Neman kalma ɗaya bai kai minti guda ba. Amma a duba ma'ana, kada a tsaya ga rubutu kawai, don kalmar da ka samu tana iya zama daidai a rubuce, ta zama ba ita kake nema ba.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu da su sa wannan cikin aikin zaman karatu da ake yi. Duk wanda ya kawo rubutunsa, a ja layi a ƙarƙashin kowace kalmar Turanci da ke ciki, a tambaye shi ma'anarta da Hausa a gaban jama'a. In ya faɗa daidai, a bar masa abarsa. In ya kasa, a soke ta, ya rubuta abin da yake nufi da Hausa. Saurayin nan da ya durƙusa, da cewa ya yi "ba na son in rasa ki", da budurwar ta ji shi sarai, ni ma da ban sami abin faɗa ba.