Ɓeran Masar ba kazar ƙwai ba ne, ku sauke shi daga kan waya

'Yan uwa masu kiwo, musamman matasanmu na Gagarawa, Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar da suka fara haɗa ɓeran Masar da 'yan kajinsu a gida.

Yau maganata a kan shimfiɗa ce, kuma na san wasu ba za su ji daɗinta ba, don sun riga sun biya mai walda ya yi musu keji. Ra'ayina shi ne, ɓeran Masar a ƙasa ya kamata ya zauna, a kan ɓuntun shinkafa da busasshiyar ciyawa. Kejin waya da garin katako mai laushi, waɗanda su ne aka fi yayi, su ne ke cinye wa mutane jari a hankali.

Mu fara da waya. Dalilin da ya sa ake sonta a bayyane yake: kashi da fitsari su zube ƙasa, babu shara kullum. Wannan dabarar kajin ƙwai ce, kuma a wurinsu tana aiki. Shi kuwa ɓeran Masar tafin ƙafarsa tsirara yake, babu gashi irin na zomo, ga jiki mai nauyi a kan 'yan gajerun ƙafafu. In ya yi makonni yana taka waya, sai tafin ya yi ja, ya kumbura, ya fashe ya zama gyambo. Dabbar da ƙafarta ke ciwo ba ta zuwa wurin abinci yadda ya kamata, sai rama. 'Ya'yan kuma da gashinsu ake haifarsu, ido buɗe, ranar farko suna yawo, to ƙafar nan siririya ita ce ke faɗawa ramin waya ta karye. Uwa ta ɗauki ciki sama da wata 2, ta haifi 2 ko 3, sannan ka rasa ɗaya saboda waya? Lissafin bai fita ba.

Sunansa kawai ɓeran Masar, asalinsa daga tsaunukan Kudancin Amurka ne, kuma a ƙasar Peru har gobe kiwonsa suke yi don nama kamar yadda muke kiwon kaji. Masu kiwon can da yawa 'yan ɗakoki suke ginawa a ƙasa da tubali ko katako, gajeren bango da bai wuce gwiwa ba, su zuba ciyawa. Dabbar ba ta hawa bango, ba ta tsalle mai nisa. Ke nan da tubalin ƙasa, ko bulo layi 2, ka gama gini. Wayar da ka saya ka mai da ita murfi a sama, saboda mage da gafiya da shaho. A nan ne take da amfani.

Sai garin katako. Wallahi na gane dalilin da ya sa ake kwasarsa: kusan kyauta ne a wurin kafintoci, kuma yana shan ruwa. Amma ka tuna hancin dabbar nan a ƙasa yake, yini take tana shaƙar abin da ka shimfiɗa mata. Garin nan mai laushi yana shiga hanci da ido, ya manne a abinci, ga ƙurar hunturu da muke da ita dama. Sai atishawa, sai majina, sai numfashi da ƙyar. Kuma ba ka san wane katako aka yanka ba, wani an shafa masa maganin gara, wani da fenti a jikinsa. In dole sai katako, ka nemi mai faɗi-faɗin nan da injin goge katako ke fitarwa kamar ɓawo, na farin katako mara wari, ka tankaɗe garin ka zubar.

A nan akwai abin da nake so kowane mai kaji ya riƙe. In ɓeran Masar ya fara atishawa, hannunmu kan tafi ga maganin da ke cikin kwalin kaji. Kada ka yi. Magunguna dangin penisilin, irin su amoksisilin, suna kashe ƙwayoyin da ke narka masa abinci a hanji, zawo ya kama shi ya mutu cikin kwanaki. Ka fara canza shimfiɗa, ka buɗe wa ɗakin iska, sannan ka nemi likitan dabbobi ka faɗa masa takamaimai wace dabba ce.

To me ya sa ɓuntu? Ba zan ce ya fi komai shan fitsari ba, bai kai ɓawon katako ba. Abin da ya sa na zaɓe shi, ba ya cakuɗewa ya zama taɓo, yana bushewa da wuri a irin iskarmu, kuma muna kusa da inda yake. Yankin Haɗeja da Auyo shinkafa ake nomawa, duk inda injin casa yake akwai tarinsa. Sai dai ka lura, ɓuntu iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda aka niƙa ya yi laushi ana haɗawa da dusa a ba dabbobi, wannan ƙura ce, ka bar shi. Mai gautsin nake nufi, ɓawon kamar yadda ya fito. Ka sheƙe shi a iska, ka shanya a rana yini guda, ka zuba kaurin santimita 5 zuwa 7, wato kamar tsawon ɗan yatsa. A kansa ka baza busasshiyar ciyawa mai laushi. Ciyawar tana kare ido da ƙafa daga tsinin ɓuntu, suna ɓuya a cikinta (dabba ce mai tsoro, in babu maɓoya ba ta sakewa), kuma suna ci. Haƙoransu ba sa daina tsiro, sai da tauna ciyawa suke gogewa.

Wani zai ce, Malam, mu da yashi ya kewaye mu, me ya kai mu sayen buhu? Gaskiya ne, kuma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yashin inuwa yana da sanyi, ga shi ɓeran Masar zafi na kashe shi da sauri fiye da sanyi. Na yarda a sa yashi a can ƙasa, ƙarƙashin ɓuntu. Shi kaɗai dai a'a, don yana riƙe zarnin fitsari kuma yana bin ganyen da ka jefa musu zuwa ciki. Maganin zafi, ka rage kaurin shimfiɗa, ka girke tulu da ruwa a kusurwa, za ka ga sun jeru a jikinsa.

Ɓawon gyaɗa yana yi a rani in an ɗan daka shi. Da damina ta sauka ka cire, yana fumfuna da wuri, kuma fumfunar gyaɗa guba ce ga kaza da ɓera duka. Ƙaiƙayin gero kuwa sunansa ya faɗi halinsa. Harawa abinci ce mai tsada, a sa ta a mazubi, ba a ƙarƙashin ƙafa ba.

Su kuma bargunan da ake gani Turawa na shimfiɗa wa nasu a YouTube, waɗannan mutane ne masu ɓera 2 a falo da injin wanki. Wanda ke sayen ruwa a jarka ba zai wanke bargon fitsari duk bayan kwana 3 ba.

Aikin kullum kaɗan ne. Suna da kusurwar da suka fi yin fitsari, ka kwashe jiƙaƙƙen wurin kowace safiya ka cike da sabo. Duk mako a kwashe gaba ɗaya, a bar ƙasan ya sha iska. In kana shakka, durƙusa ka kai hancinka daidai tsayin dabbar, in zarni ya buge ka, to ita ta kwana a ciki. Ko ka damƙi ɓuntun: in ya dunƙule a hannu, ya jiƙe. Wannan gwajin haka yake a ɗakin buloila ma.

Kada ka gina ɗakinsu ƙarƙashin kejin kaji don tsimin wuri, kuma kada ka haɗa su da zomo, yana harbinsu da ƙafa, yana kuma ɗauke da ciwon numfashi da shi ba ya damunsa. Abin da ka kwashe kuma kar ya tafi bola. Ka tara shi a rami ka riƙa yayyafa ruwa har ya ruɓe, don ɓuntu yana jinkirin ruɓewa, in ka kai shi gona ɗanye shuka ba za ta more shi a shekarar ba. Wanda ka tara tun kaka shi za ka kai gonar gero ko riɗi kafin ruwan farko.