Rubutun Fim Aikin Sashen Hausa Ne

Tun daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, fim ɗin Hausa ya shiga gidajen da littafi bai taɓa leƙawa ba. Duk da haka, ɗalibin Hausa a kwalejin ilimi yakan kammala karatu ya san Uwar Gulma da Jatau Na Kyallu ciki da bai, alhali bai taɓa rubuta ko shafi guda na fim ba. A ganina wannan giɓi ne, kuma sashen Hausa ne ya wajaba ya cike shi.

Dalilina na harshe ne. Marubucin wasan daɓe yana dogara da baki, ɗan wasa ne ke ba da labarin abin da ya faru a bayan fage. Marubucin fim kuwa abin da ido zai gani da wanda kunne zai ji kaɗai yake rubutawa. Ba shi da damar cewa "Talatu tana cikin damuwa", domin kyamara ba ta ɗaukar zuciya. Sai dai ya ce tuwo ya huce a gabanta ba ta taɓa ba. Bisa ƙa'idar da aka saba, shafi ɗaya yakan tashi kimanin minti ɗaya. Ke nan fim na minti 5 shafi 5 ne, babu wurin shimfiɗa mai tsawo. Ban san wata atisayen da ke koyar da tsimin kalma kamar wannan ba.

Fim na labarin gaskiya, wato dokumantari, shi ya fi dacewa da malami mai neman sanin makamar aiki. A ɗauki ɗalibin da aka tura gwajin koyarwa a Babura. Ranar kasuwa ga dillalai a kara, ga masu awo, ga maƙera. Idan ya taka zuwa Kazaure ga masunta a madatsar ruwa, ga duwatsun Roni. A nan bincike ne ke gaba: ya ziyarci wurin, ya nemi izinin mai unguwa da na wanda zai ɗauka, ya tsara tambayoyi da jerin hotunan da yake bukata. Sharhin mai ba da labari sai bayan ɗauka ake kammala shi.

Abin lura, wannan yanki yana tsakanin Kano da Daura ne, kare-karen harshe sun cuɗanya a cikinsa. Sharhi a yi shi da daidaitacciyar Hausa, amma idan dattijo ya ce "ɗiyata", kada ɗalibi ya mayar masa da ita "'yata" da sunan gyara. Wanda ya yi haka ya ɓata shaida, kuma ya cire mutumin daga garinsu.

Wasu za su ce babu kayan aiki, wasu kuma su ce fim ɓata tarbiyya ne. Ƙorafin tarbiyya ba sabo ba ne, shi ya sa Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. Amma tacewa tana zuwa ne bayan an rubuta, malami kuwa yana iya tarar abin tun a kan takarda. Kayan aiki kuma, biro da takarda sun wadatar a zangon farko. A na biyu, wayar hannu guda ta ishi rukunin ɗalibai 5 su ɗauki abin da suka rubuta, a kalla a aji, a gwada shi da rubutun layi-layi.