Ƙirga Baƙi Ba Laifi Ba Ne, Tona Asirinsu Shi Ne Cin Amana

Kamar yadda kowa ya sani, cinikin 'yan Arewa mazauna Kurmi ya wuce na rumfa kaɗai. A Agege da Mile 12 cikin Ikko, da Sabo ta Badun, da Fatakwal da Anacha, samari da dama sun buɗe wa kansu ko iyayen gidansu shafuna a intanet, inda ake tallar shadda da turare da kilishi, har da raguna lokacin layya. Da an gama gina shafin, sai maginin ya ce saura abu guda, watau a liƙa ɗan rubutun da zai riƙa bin sawun masu ziyara, kuma kyauta ne. Mai dukiya ya ce a liƙa. To, a nan ya kamata a dakata a yi tunani.

Aikin kansa ba wuya. Mutum zai yi rajista da Google Analytics, wanda kamfanin Google ya fito da shi a 2005, ko Meta Pixel, wanda Facebook ya fito da shi a 2015. Sai a ba shi 'yan layukan umarni na kwamfuta ya sa a saman kowane shafi. Daga ranar, duk wanda ya buɗe shafin, wayarsa za ta aika wa kamfanin saƙo ba tare da ya gani ba. Saƙon na ɗauke da abin da ya duba, da lokacin, da irin wayarsa, da shafin da ya fito, da lambar intanet mai nuna yankin da yake. Ana kuma ajiye wata alama a wayar, wadda ake kira kuki, don a gane shi in ya dawo. Wani injiniyan kamfanin Netscape, Lou Montulli, shi ya ƙirƙiro wannan dabara a 1994.

Babu shakka akwai amfani. Ɗan kasuwar da ya san yawancin masu duba hajarsa daga Benin suke, ko kuma sun fi tsayawa kan turare bisa ga shadda, ya san inda zai zuba jarinsa. Sanin yawan baƙi tsohuwar al'ada ce. Tun da aka kafa Sabo ta Badun a 1916, maigidan da ke saukar da fataken goro da na shanu ya san kowane baƙo nasa, da abin da ya kawo, da bashin da ke kansa. Amma abin da ya sa fatake ke komowa gidansa shi ne, bai taɓa kai wannan labari kasuwa ba. Hausawa kan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Bambancin kuwa shi ne, littafin baƙin da wannan rubutu ke cikawa ba a hannun mai shafi kaɗai yake ba. Yana hannun kamfanin da ya ba da rubutun, wanda yawancin kuɗin shigarsa daga talla suke fitowa. Rubutu iri ɗaya yana kan miliyoyin shafuna, kuma Meta na iya haɗa ziyarar mutum da sunansa na Facebook. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuɗin wannan kyauta asirin abokin ciniki ne, shi kuwa ba a shawarce shi ba.

Kada a ɗauka maganar ƙarama ce. A watan Yuni na 2022, jaridar bincike ta The Markup a Amurka ta gano Meta Pixel a shafunan 33 daga cikin manyan asibitoci 100 na ƙasar, yana aika bayani idan mutum ya nemi ganin likita. In haka ta faru ga manyan asibitoci masu lauyoyi, ina ga ƙaramin ɗakin magani, ko ƙungiyar 'yan gari mai tara sunayen membobinta? Baƙo a garin da ba nasa ba ya fi kowa sanin darajar rufin asiri.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa ta waya. A watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Tarar manyan masu riƙe bayanai na iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ta ƙanana kuwa naira miliyan 2 ce ko kashi 2 ɗin. A Yuli 2024 hukumar kare masu saye ta Gwamnatin Tarayya, FCCPC, ta ci Meta tarar dala miliyan 220, kuma cikin laifuffukan har da yadda ya sarrafa bayanan 'yan Nijeriya. Mai shafi ba zai fake da cewa yaron da ya gina masa ne ya saka ba, domin alhakin yana wuyansa.

Bisa ga haka, wajibi ne duk mai shafi ya tambayi magininsa waɗanne rubuce-rubucen bin sawu aka saka, da inda suke kai labari. Ya sanar da masu ziyara da Hausa mai sauƙi, ya ba su zaɓin yarda ko ƙi, kuma kada rubutun ya fara aiki sai sun yarda. Ya nisanta shi daga shafin da ake rubuta suna, ko lambar waya, ko maganar rashin lafiya. In ƙidaya kawai yake so, akwai manhajoji irin su Matomo da mutum zai girka a ma'ajiyarsa, bayanan su tsaya a hannunsa.

Shugabannin kasuwanni da sarakunan Hausawa a biranen Kudu su ma suna da aiki. Kamar yadda suke sasanta rikicin bashi da na awo, haka ya kamata su ja kunnen 'yan kasuwarsu kan wannan. Da amana 'yan Arewa suka kafa ciniki a Kurmi, kuma wanda ya zubar da ita a intanet, a rumfa ma zai ga sakamakon.