Tarar Banakula

Duk wanda ya bi titunan Bauchi a farkon shekarar karatu, tun daga Wunti har Yelwa, ko ya kutsa cikin Fadaman Mada, allunan makarantun kuɗi ne za su cika masa ido. Gida mai ɗaki huɗu an shafe shi da fenti, an laƙaba masa suna mai ƙarewa da "Intanashinal", an ɗaura wa yara lakataye su yi ta fama da shi har cikin zafin bazara. Tambayar farko da uba ke yi wa shugaban makaranta kuwa ita ce, "Kuna barin yara su yi Hausa?" Idan aka ce masa a'a, har tara ake ci ga duk wanda ya yi banakula, sai hankalinsa ya kwanta, ya zaro kuɗin zango.

Mu a ganinmu wannan uba ya sayi wahala da kuɗinsa. Yaro ɗan shekara shida yakan zo aji da kalmomi jingim, da tatsuniyoyin kakarsa, da iya ƙirga canjin aike. Aikin malami shi ne ya nuna masa yadda ake zana abin da bakinsa ya riga ya sani. Idan kuwa aka ce ya koyi karatu kuma ya koyi baƙon harshe a lokaci guda, to an ba shi taura biyu, kuma masu iya magana sun ce ba ta taunuwa. Abin da ke biyo baya shi ne hadda irin ta aku: yaro ya rera waƙar Turanci ranar bikin ba da kyaututtuka, iyaye su tafa, amma a tambaye shi ma'anar abin da ya rera sai ya sunkuyar da kai.

An riga an gwada wannan magana a ƙasar nan. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka koyar da wasu yara dukkan darussan firamare da Yarbanci har shekara shida, Turanci kuwa aka riƙe shi a matsayin darasi mai zaman kansa. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a wasu darussan ma sun shige gabansu. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a fara firamare da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a wurin. A 2022, zamanin minista Adamu Adamu, ɗan Azare, aka tsawaita wannan zuwa shekara shida. A Nuwamba 2025 sai minista Tunji Alausa ya soke tsarin, wai shi ke kawo faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO. Abin mamaki, yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022 ko firamare bai gama ba, balle ya zauna WAEC. Waɗanda suka faɗi da wane harshe aka koyar da su?

Mu mutanen Bauchi ya kamata mu fi kowa jin kunyar wannan tara. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a zamanin da ake koyar da elementare da Hausa, da Hausa ya rubuta Shaihu Umar a gasar 1933, kuma shi ne ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960 ya yi Turancin da har yau ake misali da shi. Sa'adu Zungur a gaban mahaifinsa ya fara karatu, ya je Kwalejin Yaba a Legas, ya dawo yana gwabzawa da Turawa da harshensu, yana farkar da talakawa da waƙar Hausa.

Za a ce makarantun gwamnati sun lalace, aji ya cika ya batse, wasu yara a ƙasa suke zaune. Gaskiya ne, kuma ba mu ce kowa ya jefa ɗansa inda ba malami ba. Za a ce Turanci ne mabuɗin jami'a. Wannan ma haka ne, shi ya sa muke son a koyar da shi a hannun wanda ya iya shi, domin malamar da ke cin tarar banakula sau da yawa ita ma da ƙyar take haɗa jimla biyu.

Uban da ke neman makaranta ya bar kallon allo da motar ɗaukar yara. Ya nemi izini ya zauna a aji uku na rabin sa'a, ya ga ko yara na ɗaga hannu su yi tambaya. Ya tambayi shekara nawa malamin ajin ya yi a wurin, da ko ana biyansa a kan kari. Sa'an nan ya miƙa wa yaro guda ɗan littafin labari, na Hausa ko na Turanci, ya ce ya karanta shafi ɗaya, ya rufe, ya ba da labarin da bakinsa.